Ƙanwata, Ina Kike Zama Ki Yi Karatu?

   

Zancena na yau daga cikin gidanmu ya taso. Ranar da sakamakon WAEC na Autarmu ya fito, kiredit uku kacal ta samu, babu Lissafi babu Turanci. Kun kuwa san jami'a sai da kiredit biyar, har da waɗannan biyun. Bayan sallar isha'i Baba ya kira mu ya ce, "In karatun ya gagara ai ba dole ba ne, ga masu nemanta nan suna ta sintiri." Wallahi ranar Auta kwana ta yi tana kuka, ni ma barci bai ɗauke ni ba, don na san yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce.

Da na yi tunani sai na ga ai ban taɓa ganin wurin karatunta ba. A kan gadon Umma take kwanciya da littafi, talabijin na yi, waya na hannu, yaran gida na tsalle a kanta. Kafin ta gama shafi ɗaya an ce, "Auta zo ki kai niƙa," ta dawo an ce, "Auta karɓi yaron nan." To don Allah ta ina karatun zai shiga? Washegari na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, don Allah a ƙara mata dama ɗaya, ta zauna NECO ta ƙarshen shekara. Ni na ɗauki nauyin tsayawa a kanta." Ya yi shiru, can ya ce, "Shi ke nan, amma ɗaya ce fa."

Abu na farko da muka nema shi ne wuri. Gidanmu gidan yawa ne, babu zancen ɗakin karatu. Sai muka share ƙuryar ɗakin da ake ajiye buhunan hatsi, muka shimfiɗa tabarma, muka kifa tsohon akwatin ƙarfe ya zama tebur, ga kujera 'yar tsugunno. Fuskarta muka sa tana kallon bango, bayanta ga ƙofa, don duk wanda ya gifta a tsakar gida ido sai ya bi shi. Ke ma ki duba gidanku, ko lungun rumfa ne, ko bayan labule a ɗakinku, muddin dai kullum nan ne wurin. Amma ban da gado. Jiki ya san gado da barci, kina kishingiɗa ido zai fara lumshewa.

Na biyu haske. Ba mu dogara da wutar lantarki ba, tunda kun san halinta. 'Yar fitilar sola muka saya, ana shanya ta a rana da safe. Idan da dama kike rubutu, ki ajiye fitilar ta hagunki, don kada inuwar hannunki ta rufe abin da kike rubutawa. Ki kuma tanadi biro, fensir, rula, ruwan sha da maganin sauro tun kafin ki zauna. Tashi neman biro shi ne mafarin hira a tsakar gida.

Na uku, wanda ya fi wuya, waya. Auta ta ce, "Yaya, ai zan kife ta ne kawai." Na ce a'a. Wayar da ke kusa da ke, ko ba ta yi ƙara ba zuciyarki na wurinta, kina cewa bari in leƙa WhatsApp minti ɗaya, sai ki farga awa ta wuce a TikTok. Taura biyu ba ta taunuwa. Umma ake kai wa wayar, tana ƙarƙashin filonta sai an tashi.

Na huɗu mutanen gida. A nan nake roƙonku da ladabi, kada wata ta fake da karatu ta guje wa wanke-wanke. Abin da Auta ta yi shi ne ta gama shara da wanke-wankenta da wuri, sannan ta ce, "Umma, don Allah daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma a yafe mini aike." Umma da kanta ta koma mai gadi, tana kora yara tana cewa, "Ku bar wurin nan, yayarku na karatu." Sai kuma awa guda bayan sallar asuba, lokacin gari tsit, ƙwaƙwalwa ta huta. Da sanyin safiya ake kama fara, shi ya sa Lissafi muka bar wa asuba. Duk bayan kamar minti 40 takan miƙe ta ɗan taka, ta sha ruwa, ta koma.

Na san tambayar da ke bakinku, to idan yaro ya shigo ya ce ana sallama da wance fa? Ranar zance ɗaya ce a mako, Juma'a. Wanda yake sonki tsakani da Allah zai jira, har ma ya saya miki littafin tambayoyin baya. Wanda kuwa ya yi fushi don kina karatu, ai tun yanzu ya nuna miki irin zaman da za ku yi.

Saura abin da yake yi mini nauyin faɗa. Cikin littafin Kimiyyar Auta na tsinci littafin soyayya a ɓoye, kuma nawa ne, ni na rubuta shi! Kunya ta kama ni, na ƙwace na kulle a akwati. Ina son ku karanta littattafaina, amma wallahi ba na son ko ɗayanku ta faɗi jarrabawa saboda su. Ku bar su sai hutu, labarin ba ya guduwa.

Da sakamako ya fito, Auta ta samu Lissafi da Turancinta. Baba bai ce komai ba, sai ga kafinta ya kawo ƙaramin tebur da kujera. Yanzu JAMB ce a gabanta, darussa 4, maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Don haka mun bar ta tana gwajin tambayoyi a waya, amma sai an kashe data.

Ƙanwata, yau kafin magariba ki zagaya gidanku ki zaɓi kusurwarki, ki kuma sami Umma ku yi magana. Iyayenmu mata, don Allah a taimaka musu da awa biyun nan. Ina jiran wasiƙunku in ji yadda kuka yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.