A Ajiye Bindiga, A Ɗauki Kyamara

Duk yaron da ya tashi a Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta ƙasar Daura, ya san giwa da zaki da ɓauna, amma a tatsuniya kawai ya san su. Naman dawa da ya taɓa gani da idonsa bai wuce kurar da gardawa kan jawo da sarƙa ranar kasuwa ba. Dajin da kakanninsa suka yi farauta a ciki ya zama gonaki, barewa da jimina sun gudu ko an cinye su. Gauraka ma, da dattawa suka saba gani a fadamu, sai dai a ba da labarinta.

Akwai wata irin farauta da ba ta rage ko da dabba ɗaya a dawa, ita ce farauta da kyamara. Giwar da aka harbe sau ɗaya ake sayar da haurenta, shi ke nan ta ƙare. Wadda aka ɗauki hotonta kuwa tana nan gobe, wani baƙon ya zo ya biya kuɗin shiga, mai mota ya samu, mai abinci ya samu, ɗan jagora ya samu. Da wannan dabara ce ƙasashen Kenya da Tanzaniya suke samun kuɗi masu yawa daga baƙi.

Ba sai an je can ba. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauci an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma a cikinsa akwai ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya, ga ɓauna, da gwanki, da dorina, da tsuntsaye fiye da iri 350. Da bazara, lokacin da ruwa ya ƙafe a ko'ina, dabbobin kan taru a gaɓar kogin Gaji, nan ne mai kyamara yake samun biyan bukata.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da kulawa take haifarwa. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai. Da aka hana kashe su, mutanen ƙauyuka kuma suka zama 'yan jagorar masu zuwa ɗaukar hoto, sai suka hayayyafa har suka wuce 600. A 2018 an ɗebi takwas an kai su gandun Gadabeji a Jihar Maradi. Sai dai kisan da 'yan bindiga suka yi wa mutum takwas a Kure a 2020 ya kori baƙi, ya kuma tuna wa hukuma cewa in babu tsaro babu mai zuwa.

Wani zai ce wannan wasan masu hannu da shuni ne, talaka yana fama da abin sakawa a baka. Gaskiya ne tafiyar tana cin kuɗi. To amma yau kusan kowane malami da ɗalibin babbar makaranta yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, kuma aikin ya fi bukatar haƙuri a kan tsadar na'ura. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a sa rana a bayan mai ɗauka, a yi shiru, kada a sauka daga mota sai da izinin ma'aikacin gandu, kada kuma a matsa wa tsuntsuwar da ke kwance a kan ƙwai. Ana iya fara koyo a gida da shamuwa, wadda kan zo ta yi sheƙa a itatuwan gari gab da faɗuwar damina, da belbela mai bin shanu.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina da ƙananan hukumomin ƙasar Daura su riƙa kai ɗalibai Yankari ko da sau ɗaya kafin su gama sakandare, a kafe hotunan da suka ɗauko a bangon aji, domin gani ya kori ji. Ma'aikatan gwamnati kuma su haɗa kuɗin mota su je lokacin hutu, su tafi da 'ya'yansu. Tsofaffin maharba, waɗanda suka san sawun kowace dabba da kukan kowane tsuntsu, a jawo su su koyar da yara, a biya su ladan aikinsu, tun da da tsohuwar zuma ake magani.

Idan aka yi sakaci, jikokinmu za su nemi hoton gauraka su rasa, sai wanda baƙi suka ɗauka suka tafi da shi ƙasarsu. Allah ya sa hukuma da jama'a su farga tun da sauran abin ɗauka a dawa.