Gidajen jingina a gwanjo: sanarwar kyauta ce, amma wa ke karanta mana ita?

Tambaya guda ta yawaita a saƙonnin da ƴan uwanmu na Kwatano, Legas, Akkara da Abijan ke turo mana: wai ina ake ganin jerin gidajen da banki ya ƙwace zai sa a gwanjo, kuma gaskiya ne sai an ba dillali wani abu kafin a gani? Ba a biyan ko dala. Doka ce ta tilasta a liƙa sanarwar a fili.

Abin da ya tayar da maganar a Gaya kuwa, kowa ya san shi. Arzikin garin nan a kan gadar Malanbil yake ratsowa. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka toshe gada. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, manyan motoci suka koma bin Lome da Burkina Faso. Iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na shekarar, ƴan Kamba suka dawo kasuwa, amma hakan bai cike gurbin tashar Kwatano ba. Mai kamiyo, mai mangaza, mai fitar da kaya a duwan, duk wanda ya kai takardar gidansa jingina lokacin da titi ke cike da motoci, yanzu ya ga tasku. Shi bashi bai san an rufe iyaka ba.

To, ya ake sayar da irin wannan gida? Nijar da Benin duka suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya. Dokarta ta karɓo bashi an yi ta a 1998, aka sabunta ta a 2023. Banki ba ya wayar gari kawai ya sa wa gida kwaɗo. Sai an fara kai wa mai gida takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 20. In bai biya ba, lauyan mai bin bashi ya ajiye kundin sharuɗɗan ciniki wurin magatakardan kotu. Daga nan, tsakanin kwana 30 da kwana 15 kafin ranar gwanjo, dole a buga sanarwa a jaridar da ke ɗaukar sanarwar shari'a, a kuma liƙa ta a ƙofar gidan wanda ake bi, da ƙofar kotu ko ta noter ɗin da zai yi cinikin, da allon sanarwar ma'aikatar magajin gari. Jaridar gwamnati Le Sahel tana buga irinsu, kuma ana karanta ta a intanet. Jerin ke nan. Wanda ya turo maka hoto ta WhatsApp ya ce "sa kafin alƙalami in riƙe maka", abin da ke manne a bango yake sayar maka, in ma gidan akwai shi. Shafukan da binciken intanet ke fitarwa kuma, yawancinsu gidajen Amurka ne, ba ruwansu da mu.

Sanarwar taƙaitawa ce kawai. Kundin da ke kotu shi ne abin dubawa, ko da zai kai mutum har Dosso, kusan kilomita 150. A ciki ake ganin lambar titir fonsiye, iyakokin fili, da kuɗin da za a fara tayi da shi, wanda doka ta ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan. Wannan kashi ɗaya cikin huɗun shi ke ruɗar mutane. Farashin buɗe baki ne, ba na sallamawa ba. Ko ka yi nasara ranar gwanjo, akwai kwana 10 da wani zai iya zuwa ya ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin goma a kan tayinka, a sake zama. Kai kuma kwana 20 gare ka ka biya, har da kuɗin shari'a. In ka kasa, a sake sa gidan a kasuwa, in ya faɗi ƙasa da tayinka kai za ka cike. Ɗan uwa da ke ci-rani, ka aiko wanda ka yarda da shi ya ga gidan da idonsa, ya ga su wa ke kwana a ciki. Ba a cinikin biri a sama.

Mu dai abin da ya fi damun mu shi ne ɗaya ɓangaren. Gidan da wani ke kira araha, a garin da kowa ya san kowa, gidan maƙwabci ne, wata ƙila ma tare kuke sahu a masallaci. Kuma dokar nan da ta ba banki hanya, ta bar wa mai gida ƙofofi waɗanda da yawanmu ba mu san da su ba. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, ba a sayar da kason mutum ɗaya sai an yi rabo. Idan mai gida ya nuna cewa kuɗin hayar shekara biyu zai biya bashin, ya kuma yarda a miƙa wa mai bin sa, alƙali na iya dakatar da cinikin. Akwai kuma zaman da kotu ke ware wa ƙorafi kafin ranar gwanjo, amma da wa'adi. Wanda ya bari ya wuce, yawanci bakin alƙalami ya bushe. Sau nawa kunya ke sa magidanci ya cusa takardar gargaɗi ƙarƙashin katifa, iyali ba su ji ba sai ranar da aka manna sanarwa a ƙofa?

Dalili ɗaya ne ke cutar mai saye da mai gida: takardun nan da Faransanci suke, Faransancin lauyoyi ma, wanda ko ɗan lise sai ya yi gumi. A nan dillalin ƙarya ke cin abincinsa. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma allon kotu bai ji labari ba tukuna. Alhali dokar OHADA ta ba shugaban kotu ikon faɗaɗa sanarwa in an nema. A ganinmu, babu abin da zai hana a nemi a riƙa karanta ta a rediyo da Hausa da Dandanci, ranar Talata da kasuwar Gaya ke ci, yadda masu tayi za su ƙaru, gidan ya yi daraja, abin da ya yi saura bayan biyan bashi ya koma hannun mai shi.

Masu gida a Kamba ko Birnin Kebbi, ku lura: Najeriya ba ta cikin OHADA, kwanakin da muka lissafa ba su shafe ku ba. Can dokar filaye ta 1978 ce ke aiki, kuma filin birni ba ya canja hannu sai da amincewar gwamnan jiha.