Gudun fanfalaki a Tasawa da Mayahi: ba a fafe gora ranar tafiya

A Tasawa ko Mayahi, magidancin da ya fito bayan sallar asuba yana sassarfa a bakin hanya, abu biyu ake zarginsa da shi: ko dai soja ne, ko kuwa kansa ya taɓu. Yaro in ya yi gudu, wasa ne. Ɗan kokowa in ya yi, sana'a ce. Amma ɗan kasuwa mai kanti, ko ma'aikacin gwamnati mai shekara arba'in, sai a ce ya zubar da girma. Alhali kuwa su ne suka fi kowa bukata, domin su ke wuni zaune, wannan a bayan awo, wancan a bayan tebur, har ranar da likita zai ambaci hawan jini ko ciwon suga.

Gudun da ake kira maraton tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, wato tafiyar yini guda ga mai ƙafa. Ba baƙon abu ba ne ga Nijar. Abdu Manzo ya wakilci ƙasar a wannan gudu a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996, kuma an yi shi a titunan Yamai lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, a Disamba 2005. A 1960, Abebe Bikila na Habasha ya cinye shi a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. Ashe ba wasan masu kuɗi ba ne. Abin da yake ci shi ne lokaci da haƙuri, kuma a nan gizo ke saƙa.

Tun bayan Taron Ƙasa na 1991 aka saba da wata al'ada: babban mutum ya sa kofi, a tara samari a yini guda, a raba riguna, a ɗauki hoto, a watse. Ƙwallon ƙafa na iya jure wannan. Dogon gudu ba ya jurewa. Jikin ɗan Adam yana ajiye sukari a hanta da tsoka wanda ba ya wuce kimanin kilomita 30 na gudu. Daga nan ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi duhu. Wanda ya shirya ya koya wa jikinsa tattali, wanda bai shirya ba sai a ɗauke shi. Duk mai kiran jama'a su yi irin wannan gudu ba tare da ya ba su watannin shiri ba, da ransu yake wasa.

Shirin kuwa sananne ne. Wanda ya riga ya saba da gudu yana bukatar mako 16 zuwa 20. Wanda bai taɓa yi ba, ya fara da tafiya mai sauri, ya nufi kilomita 10, sa'an nan 21, kafin ya yi tunanin 42. Ana fita sau uku ko huɗu a mako, akasari a hankali, yadda mutum zai iya magana da abokinsa yana gudu. Sau ɗaya a mako a yi mai tsawo, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, kada ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya, har a kai kilomita 30 ko 32. Mako biyu ko uku kafin ranar gasa a rage, jiki ya huta.

Sai dai littattafan da suka tsara wannan ba don jahar Maraɗi aka rubuta su ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma mai gudu yana iya zubar da gumi fiye da lita guda cikin awa ɗaya. Saboda haka lokacin gasa a nan shi ne Disamba ko Janairu, cikin ɗari, shiri kuma ya kama daga ƙarshen damina. Wannan ne kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke rage jini. Mai zazzaɓi ya ajiye takalmi sai ya warke sarai. Rairayin gulbin Kaba a Mayahi yana ƙarfafa ƙafa, amma yawansa yana wahalar da agara, don haka a riƙa gauraya shi da ƙasa mai tauri. Babban titin da ya ratsa Tasawa daga Maraɗi zuwa Damagaram kuwa na manyan motoci ne, ba wurin gudu cikin duhun asuba ba. Da azumi, ba a yin mai tsanani da rana.

Wani zai ce: ƙasar da ta ga yunwar 2005, wadda talakanta ke lissafin tiyar hatsi, ina ruwanta da gudu? Tambaya ce mai nauyi. Amsa ita ce, ba a nemi a taɓa rumbun kowa ba, ba a kuma nemi a gina fili ba. Kuɗin maganin hawan jini na shekara guda ya fi kuɗin takalmin gwanjo nesa, kuma magidancin da shanyewar jiki ta kwantar, iyalinsa duka ta kwantar.

Abin da ake bukata daga hukumomin gundumomin biyu kaɗan ne. A auna zagaye na kilomita biyar a kowane gari, nesa da motoci, a kafa alama a kan kowace kilomita. Asibitin gunduma ya keɓe rana guda a wata don awon jini da sauraron zuciyar masu niyya, musamman waɗanda suka haura arba'in. Malaman wasanni na makarantun sakandare, da ke da ilimin abin, a ba su jagorancin rukunoni, a kuma ware wa mata lokacinsu da wurinsu. A tsaida ranar gasa, a sanar da ita wata huɗu kafin ta zo, a fara da kilomita 10 da 21, a gayyato samarin Korgom da Maijirgi da Urafan da Kanambakashe. Ƴan kasuwar da ke son sunansu ya fito, su ɗauki nauyin ruwan sha na watannin shiri, ba lemun ranar biki kaɗai ba.

Jahar Maraɗi ta san wannan darasi. Kantu bai ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975 don ya tashi da sa'a a wannan safiya ba. Shekaru ya yi yana gwabzawa a dandalin ƙauyuka bayan kaka. Har yau ba a tura ɗan kokowa neman takobi sai an tace shi daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, an killace shi, an ciyar da shi. Abin da aka yarda a yi wa mai kokowa, ba a da hujjar hana shi ga mai gudu. Hukumar da ta shirya gasa ba ta shirya mutane ba, ta sani cewa duk wanda ya faɗi a kan hanya, alhakinsa yana wuyanta.