Agogo Kaɗai Bai Isa Shaida ba a Rumbun Bayanai

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin masu kula da rumbun bayanai. Sai a rubuta ƙaramar manhaja, a ɗora ta a kan cron, ta riƙa tashi da kanta kowane dare da ƙarfe 12, ta tambayi rumbun layukan da aka taɓa tun zuwanta na jiya. Rumbun ya duba gurbin da ke riƙe da lokacin gyara na ƙarshe, ya miƙa mata abin da ya samu. Hanya ce mai sauƙi, shi ya sa ake ƙaunarta. Ni dai a ganina, duk wanda ya dogara da ita kaɗai a kan bayanan da suka shafi haƙƙin mutane ya ɗauki kasadar da bai san girmanta ba.

Da farko, layin da aka goge ba ya barin lokaci a bayansa, domin gurbin lokacin ya tafi tare da shi. Manhajar za ta zo ta koma ba tare da ta san an cire sunan wani daga jerin masu karɓar albashi ba.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. A PostgreSQL, umarnin now() yana ba da lokacin da aka fara hada-hada ne, ba lokacin da aka kammala ta ba. A ce ma'aikaci ya fara gyara da ƙarfe 11:58, bai tabbatar da shi ba sai 12:03. Manhajar da ta tashi 12:00 ba za ta gan shi ba, tunda bai tabbata ba tukuna. Washegari kuwa za ta nemi abin da ya zo bayan 12:00, alhali gyaran yana ɗauke da 11:58. Ke nan ya kuɓuce mata har abada. Ga kuma bambancin agogo: Yamai tana gaban Accra da awa ɗaya, don haka rumbun da ba ya ajiye lokaci bisa UTC zai iya rikita lissafin duka.

Abin da ya fi wannan inganci shi ne a ɗauki zanen yatsan kowane layi. Ana haɗa abin da ke cikinsa a bi da shi ta SHA-256, a samu lamba mai haruffa 64, a ajiye ta tare da lambar shaidar layin. Idan dare ya zagayo sai a kwatanta: lambar shaidar da ta ɓace gogewa ce, wadda ta bayyana ƙari ne, wadda zanenta ya sauya kuwa gyara ce. Sai dai mai aiki da rubutun Hausa ya yi hattara. Harafin à mai alamar karin sauti ana iya rubuta shi a Unicode ta hanya biyu, ko dai harafi guda, ko a da alamarsa daban. Ido ba ya bambanta su, amma zanen yatsansu ba ɗaya ba ne. Haka ma alamar da ke cikin kalmar sana'a, wadda wasu madannai ke fitarwa a miƙe, wasu a lanƙwashe. Wajibi ne a daidaita rubutun bisa tsarin NFC, a kuma tsayar da alama guda, kafin a lissafa, in ba haka ba manhajar za ta riƙa kururuwa a kan canjin da bai faru ba.

Duk da haka, kwatanta jiya da yau yana da iyaka. Idan wani ya mayar da makin ɗalibi daga 9 zuwa 14 bisa 20 da safe, aka buga takardar sakamako, sannan ya mayar da shi 9 da yamma, zanen yatsan daren nan zai yi daidai da na jiya. An yi ɓarna, kuma babu sawu.

Saboda haka nake ganin dole ne rumbun da kansa ya riƙa rubuta kowane canji a lokacin da ya auku. Ana iya ɗana masa tarko, wato umarnin da ke tashi duk sa'ad da aka ƙara, aka gyara ko aka goge layi, ya rubuta tsohon bayani da sabo da sunan mai gyaran a wani kundi daban. Ana kuma iya karanta kundin da rumbun ke ajiyewa tun asali: MySQL tana da binlog, PostgreSQL ta buɗe wannan ƙofa tun fitowar 9.4 a 2014, SQL Server kuwa tun 2008.

Masu suka za su ce wannan yana cin wuri, yana kuma rage sauri. Gaskiya ne, kuma ban ce a yi shi ko'ina ba. Ga jerin kalmomin ƙamus, zanen yatsa ya wadatar. Amma inda ake maganar maki, ko albashi, ko bashi, kuɗin ƙarin ma'ajiya bai kai nauyin ranar da za a tambayi mai kula da rumbun wane ne ya sauya lamba, ya rasa abin faɗa ba.