Inshorar lafiya: doka a Abuja, aljihun manomi a Gwaram

Tun 2005 aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka ce talaka ya huta da biyan kuɗin asibiti. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar ga kowa, tare da alƙawarin asusu na musamman domin marasa galihu miliyan 83. Amma har gobe sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Laifin yana cikin ginin tsarin: an ɗora shi kan cire kuɗi daga albashi, alhali manomin Gwaram da mai tireda a Birnin Kudu ba su da albashi. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, amma in ciwo ya tsananta, sai an sayar da akuya kafin a kai ga likita.

Masu mulki za su ce babu kuɗi, kuma hukumar inshorar lafiya ta jihar Jigawa, JICHMA, tana rajistar jama'a. Rajista abin yabo ce, sai dai kati ba ya warkarwa in ba magani a asibitin mazaɓa. Batun kuɗi kuwa, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Ya kamata Gwamna Umar Namadi na Jigawa ya wallafa nawa ya iso kowane asibiti a Gwaram da Birnin Kudu, da mutum nawa aka duba da katin.