Suna Linzami: Motar da Ake Cewa Tana Tuƙa Kanta

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. A ganina, haɗarin motocin nan da ake cewa suna tuƙa kansu daga sunan da aka laƙaba musu yake farawa. Kamfanin Tesla na Amurka ya raɗa wa na'urarsa suna Autopilot, watau matuƙi mai sarrafa kansa, alhali kuwa ainihin aikinta shi ne riƙe mota a kan layi da daidaita gudu. Lura da hanya yana wuyan direba.

To, ina amfanin gargaɗin da ke cikin littafin mota, in sunan ya riga ya ce wa mutum ya huta? A watan Mayu na 2016, a jihar Fulorida, wata motar Tesla ta kutsa ƙarƙashin tirelar da ta gitta hanya, direban ya rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa cikin minti 37 da na'urar ta yi tana aiki, daƙiƙa 25 kacal hannunsa ya yi a kan sitiyari. Haka kuma a watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tura keke da dare. Na'urar ta hango ta, ta kasa tantance ko mece ce. Wadda aka ɗora gadin motar kuwa hankalinta yana kan waya.

Wani zai ce sakacin direba ne. Lalle akwai sakaci, amma a duba halin ɗan Adam. Mai canza giya da taka birki, aikin ne ke hana shi gyangyaɗi. Wanda aka ce ya naɗe hannu ya zuba ido kurum, hankalinsa zai tafi yawo. Tun 1983 Lisanne Bainbridge ta nuna cewa na'ura kan ɗauke aiki mai sauƙi, ta bar wa mutum mai wuya, a sa'ad da ba ya cikin shiri.

Ban musa amfanin na'ura ba. Birki mai kama kansa yana rage karo ta baya. Abin da nake nema shi ne a kira mataimaki mataimaki, a kuma sa na'urar ta riƙa lura da idon direba, ta ƙi aiki in ya kau da kai. A watan Disamba na 2023 sai da Tesla ya yi wa motoci wajen miliyan 2 gyara don ƙara irin wannan tsaro. Amma a wancan lokaci sunan bai canza ba, kuma duk wanda aka gaya wa akwai wani matuƙi, zai saki linzami.