Dusa Ba Ta Maye Gurbin Harawa

'Yan'uwa fatake, dillalai da masu gida.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, musamman in Babbar Sallah ta gabato, wadda ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Za a ɗauko shanu da raguna daga Pouytenga ko Fada N'Gourma, a shigo ta Paga, a yi tafiyar kusan kilomita 800 zuwa Ankara. Dabba ta sauka a Tulaku ko a bakin Kasuwar Malam Atta a wahalce, cikinta a rame. Maimakon a ba ta hutu da ciyawa, sai a tula mata dusar alkama da garin masara, har da ragowar kenke da burodi, wai don ta yi saurin cika ido. Kwana biyu sai ka ji ana salati: ciki ya kumbura, zawo ya tsinke, an yanka da gaggawa an sayar wa mahauta a rabin kuɗi.

Jama'a, mu duba yadda Allah Ya halicci dabbar nan. Kaza da alade ciki ɗaya gare su, shi ya sa masu kiwonsu ke rage musu abinci mai kaushi, don in ya yi yawa yana wucewa ne bai narke sosai ba, girma ya ja baya. Saniya da rago kuwa cikinsu kashi 4 ne, kuma babban, wato tumbi, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar da zaren ciyawa su mayar da shi ƙarfi da nama. Abinci mai kaushi shi ke sa dabba ta yi tuƙa, tuƙa kuma ita ke kawo yawu. Babbar saniya tana iya fitar da yawu fiye da lita 100 a yini, kuma yawun nan shi ke kashe tsamin tumbi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya.

To in aka cika ta da tsaba ba ciyawa, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, tumbi ya yi tsami. Daga nan sai ƙin cin abinci, zawo da ɗingishi, wani lokaci har mutuwa. Likitocin dabbobi sun ce tumbi yana bukatar mako 2 zuwa 3 kafin ya saba da sabon abinci. Mu kuwa muna so ya saba a dare ɗaya. Gaggawa aikin Shaiɗan.

Mun san abin da za a ce: a Nima da Mamobi ina ciyawa? Harawa tsada, dusa kuwa ga ta a buhu. Gaskiya ne. Amma a lissafa kuɗin damin harawa goma, a lissafa kuɗin sa guda da aka biya da sefa, aka yi masa kuɗin mota da na hanya. Wanne ya fi ciwo? Ban da wannan, dabbar da ke yunwar ciyawa ita ce ke bin bola tana haɗiyar leda. Mahauta shaida ne kan abin da suke cirowa daga tumbi.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, duk motar da za ta yi lodi daga arewa a ware mata wurin harawar wake ko ta gyaɗa, tunda can ta fi sauƙi. In dabba ta sauka, kwanakin farko ruwa da busasshiyar ciyawa kawai. Daga baya a shigo da dusa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali, kuma kullum ciyawa ta riga dusa shiga ciki. Mai ba da ɓawon rogo ya shanya shi ya bushe tukuna, ɗanyensa yana da dafi.

Sannan mu tuna, mai sayen ragon layya amana ya ba mu. Dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta isar wa layya, kuma kumburarren ciki ba ƙiba ba ne. Wanda aka cuta bana ba zai dawo turkenmu baɗi ba.

Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya kai fatake gida lafiya. Amin.